Tambayar da Tuli Ta Kulle wa Kakanta

A shekarar dubu biyu suka fara haɗuwa, shekarar da kogin Jalangi ya cika ya shiga garin Krishnanagar har ɗakunan kwana. Mutanen unguwar mishan suka kwashi abin da hannu zai iya ɗauka suka hau benen makaranta. A can aka miƙa wa Malam Anadi Biswas, malamin lissafi, jaririyar ɗansa, naɗe cikin tsohon labulen ofis. Ya karɓe ta da hannu biyu, yana sanye da rigarsa ta ƙarshe da ruwa bai taɓa ba. Jaririyar ce ta jiƙa ta. Ya dubi rigar, ya dubi yarinyar, ya shaida wa jama'a cewa ga matar da Allah ya ba shi da tsufansa, kuma tun ranar farko ta nuna ba za ta yi ladabi ba. Aka sa mata suna Tuli. Daga ranar ba wanda ya taɓa jin sun yi wa juna magana mai daɗi, kamar yadda ya dace da kaka da jikarsa.

Yanzu Tuli ta doshi ashirin da biyar. A watan Afrilu guguwa ta kayar da tsohon mangwaron tsakar gidan, wanda mahaifin Malam Anadi ya dasa. Aka sassare shi, aka tone kututturen, ya bar rami guda, gidan kuwa ba shi da wurin bishiya biyu. Damina ta sauka, lokacin dashe ya yi. Ranar Asabar kuma Tuli za ta tashi zuwa Japan, inda ta sami aiki a wani kamfanin injuna. Malam Anadi ya jiyo ta a kicin tana gaya wa uwarta cewa kamfanin yakan rufe a tsakiyar Agusta, lokacin kaɗai za ta riƙa samun zuwa gida. Ya koma baranda ya zauna yana kallon ramin.

Abin da yake so ba mai yawa ba ne. Bishiya yake so wadda za ta kasance da nunannun 'ya'ya a tsakiyar Agusta, a kuma dasa ta kafin Asabar, Tuli na tsaye. Sai dai shi mutumin mangwaro irin Himsagar ne, kamar ubansa. Himsagar yakan nuna a ƙarshen Mayu, ya ƙare kafin Yuni ya fita. Daga nan Malam Anadi yakan rufe bakinsa har wata shekara, yana kallon masu cin sauran iri da tausayi. Bai san abin da ke kan bishiya a Agusta ba. Haran mai sayar da dashe kuwa ba abin tambaya ba ne, don duk irin da ya yi masa kwantai shi ne mafi kyau a ranar.

Akwai wurin da ake tambaya. Zauren Lambu sunansa, wani dandali a intanet inda masu lambu ke yi wa juna tambaya suna amsawa, amsar da ta gamsar a ba ta ƙuri'a. Malam Anadi ya daɗe a ciki, yana da maki, yana da suna. Amma Tuli na cikin waɗanda jama'ar zauren suka zaɓa su kula da shi, duk abin da aka rubuta sai ya bi ta gabanta. Mutumin da ya yi shekaru yana shelar ya ƙosa a zo a raba shi da wannan mata, ba zai rubuta a gabanta cewa yana neman mangwaron da zai jira ta ba. Don haka ya rubuta: "Wane mangwaro ne ya fi kowanne?" Lissafinsa shi ne cikin masu amsawa wani zai ambaci watan nuna. Da safiyar Alhamis ya sa tabarau ya duba waya. Amsa ta haura ɗari, ba wanda ya ambaci wata, a saman tambayar kuma an rubuta an kulle ta, ga sunan wadda ta kulle.

Yana nan zaune Tuli ta fito da kofin shayi biyu da kwanon guggurun shinkafa. Dadu take kiransa, wato kaka a harshensu.

"Dadu, an tashi lafiya? Ko tashin kawai aka yi, lafiyar ta yi gaba?"

Ta ajiye tiren, ta sunkuya za ta taɓa ƙafarsa, kamar yadda ake gaida manya a garin. Ya janye.

"Ɗauke hannunki. Hannun da ya kulle mini tambaya ba zai taɓa mini ƙafa ba."

"Ƙafar da duk kaushi ne? Alfarma nake yi mata."

"Shekara arba'in ina koyarwa, ba hedimastan da ya taɓa jan layi a kan rubutuna. Turawan Fada na coci ma sun karanta sun yi shiru. Yau ga yarinyar da na koya wa ƙirga yatsu ta sa mini kwaɗo a baki."

"Kuskure ka koyar. Har na shiga aji uku ina tsammanin yatsuna goma sha ɗaya ne."

"Da gangan na yi, don in ga ko akwai kai. Babu."

"Sha shayinka, angona, kada ya huce kamar tambayarka."

Ya kurɓa, don shayin ba shi da laifi. Ya ce, "Me tambayata ta yi miki? Gajeriya, tsaf, ba kuskuren rubutu ko ɗaya."

"Ka karanta abin da ta haifa?"

"Na ga mutane na sha'awar ilimi."

Tuli ta zaro wayarta. "Bari in karanta maka ilimin. Wani daga Banaras ya ce Langra ne, duk wanda ya musa a duba harshensa a asibiti. Wani daga Bombay ya sa hoton Alfonso da kuɗinsa, bai ƙara ko kalma ba. Wata ta ce mangwaron gidan kakarta, wanda aka sare tun kafin a haife ni. Amsar da ta fi samun ƙuri'a kuwa, wani ne ya ce mangwaron da ya fi daɗi shi ne na sata."

"Wannan ya san abin da yake faɗa."

"Mutum biyu sun ce sun bar zauren. Ɗaya ya dawo don ya sake faɗa. Sai kuma Dakta Bagchi na Malda."

Malam Anadi ya ajiye kofi. Bagchi tsohon likitan haƙori ne, mai gonar mangwaro irin Fazli, sun yi shekaru suna gwabzawa a zauren ba su taɓa ganin juna ba.

"Kada ki ambaci mai cire haƙora ina karin kumallo."

"Ya ce Himsagar baƙo ne mara kirki, ya zo da safe ya tafi kafin a dafa masa abinci. Kai kuma me ka mayar masa?"

"Gaskiya."

"Ka ce Fazli kabewa ce da ta hau bishiya bisa kuskure."

"Kin taɓa ganin Fazli? Mutum ɗaya ba ya ɗaga shi sai da ɗan dako. Ki yanka, ki ci, ki ci, ki gaji, kina jiran daɗin ya iso, sai ki ga ƙwallo."

"Sauran masu kula da zaure sun so su dakatar da kai mako guda. Ni na roƙa. Na ce musu tsufa ne, a gida ma haka muke fama."

"Ki koma ki ce a dakatar da ni. Gara hukuncin baƙi da ceton mata irinki. Kuma ki sani, tambayata tana da amsa. Himsagar ne Hauwa'u ta miƙa wa Adamu. Da Fazli ne, da ya ce mata ya ƙoshi, da har yau muna cikin gonar Aidan."

"To tunda ka san amsar, me ya sa ka tambaya?"

Malam Anadi ya ɗebi gugguru ya cika baki, don ya sami lokaci. Tuli ta jira shi ya haɗiye.

"Don in gwada su," ya ce.

"Zauren ba ajinka ba ne, Dadu. Ba mu hana ra'ayi ba. Wanda ya ce na dasa, na jira, na ci, ga abin da na gani, wannan amsa ce ko da ra'ayi ne, wani zai amfana. Wanda ya ce namu ya fi don namu ne, wannan ihu ne. Tambayarka kuwa ihu kaɗai take kira. Mutum ɗari sun amsa, kowa ya yi daidai, ba wanda ya taimake ka."

"Ji wa'azi. Ranar Lahadi sai Fada ya ba ki mumbari."

"Kai ka koya mini. In na kawo maka lissafi sai ka ce, me aka bayar, me ake nema? In ban faɗa ba ka mayar mini da littafi. Kai me ka bayar? Ba ƙasa, ba wuri, ba abin da za ka yi da shi."

"Ci zan yi da shi. Da me ake yi da mangwaro, a yi masa baftisma?"

"Da waɗanne haƙora?"

"Himsagar ba ya neman haƙori, shi ya sa ya fi. Ba zare, ba gardama. Ba kamar wasu ba."

Ta jawo kujerar kaba ta zauna kusa da shi, ta karɓe wayarsa daga cinyarsa. "Kawo. Kullewa ba kisa ba ce. In an gyara tambaya ana buɗe ta. Ni zan tambaye ka, kai ka amsa, in rubuta."

"Ba ni wayata. Zan buɗe wani suna in yi tambayata inda ba ki gani."

"An hana suna biyu. Kuma ko ka kira kanka Sarauniyar Ingila zan gane ka. Duk zauren kai kaɗai ke sa kwanan wata a saman tambaya, ka fara da 'Ya ku masu girma', ka rufe da 'Naku mai biyayya'. Kana tambayar takin shanu kamar kana neman hutu wurin bishop."

"Ana kiran wannan tarbiyya. Ba a sayar da ita a Japan."

"Bishiya nawa za ka dasa?"

"Ɗaya. Makauniya ce ke? Ga rami."

"Ƙasa?"

"Ta bakin kogi, mai laushi. Ruwa yakan kwanta ta gefen katanga in an yi kwana biyu ana yi."

"Ka ga, ashe kana iya magana kamar mutum. Rana?"

"Daga safe har azahar. Bayan nan benen su Gomes ya tare, Allah ya shirye su."

"Shekara nawa za ka iya jira kafin ta yi 'ya'ya?"

"Talatin."

"Na rubuta uku."

"Wa ya ba ki izini ki rage mini kwana?"

"Madubi. Saura ɗaya. A wane wata kake so ka ci?"

Malam Anadi ya cire tabarau ya hau goge shi da bakin riga. Wannan ce tambayar da ya kwana biyu yana kewaye mata.

"Idan ya nuna."

"Yaushe kake so ya nuna?"

"Lokacin da Allah ya nufa. Ni ba na yi wa bishiya dole."

"Dadu, kowane iri da watansa. In ba ka faɗi wata ba, mun koma gidan jiya, Banaras da Bombay su sake ɗaukar sanda."

"Ki rubuta da damina."

"Damina wata huɗu ce."

"Ki rubuta can ciki."

"Can ciki ina?"

"Ke 'yar sanda ce? Mahaifinki bai taɓa yi mini irin wannan titsiye ba, shi ya sa na bar masa gida."

"To shi ke nan." Ta miƙa masa wayar. "Tambaya ta zauna a kulle. Ka je wurin Haran ya ba ka abin da akuya ta rage. Ni ina da akwatin da zan haɗa."

Ta miƙe da gaske, ta ɗauki tiren. Malam Anadi ya dubi ramin. Ruwan jiya ya taru a ciki, wani ganye na yawo a kai. Gobe Juma'a, jibi mota za ta zo ta kai ta filin jirgi.

"Agusta," ya ce, yana kallon katanga.

Ta tsaya. "Me?"

"Kunnen ma ya tafi Japan? Agusta. Tsakiyarsa."

"Kai da kake cewa duk mangwaron da ya wuce Yuni na jemagu ne?"

"Likita ne ya ce in rage zaƙi da zafi, in bari sai an yi sanyi."

"Wane likita? Dakta Sen da kake cewa bai iya auna zazzaɓin kaza ba?"

"Kuma akwai idin Maryamu. Mutum ya kai wa Fada ɗan abu a kwando."

"Fada na da ciwon sukari."

"Sai ya ba mabiya. Ke ina ruwanki? Kin ce wata, na faɗi wata."

Tuli ta ajiye tiren a hankali. Ta dawo ta zauna, ta ɗauki wayar, ta sunkuyar da kai a kanta fiye da yadda rubutun ke buƙata. Malam Anadi ya ga ta gane. Ya ji kunya ta kama shi kamar yaron da aka kama da amsa a tafin hannu, ya shirya jin abin da za ta ce. In ta yi masa magana mai taushi, ya san ba shi da inda zai sa fuskarsa.

Ta ja hanci sau ɗaya, ta ce, "Ashe haka ne. Ina fita za ka kawo wata. Wace ce wannan mai zuwa a Agusta?"

Numfashinsa ya dawo. "Wata ce. Kyakkyawa, mai ladabi, ba ta kulle wa manya tambaya."

"Ta san kana munshari?"

"Ta ce kamar kiɗan coci."

"Allah ya ba ta haƙuri. Ji abin da na rubuta. 'Ina da wurin bishiya ɗaya a Krishnanagar, ƙasar bakin kogi, ruwa na kwanciya da damina, rana rabin yini. Ina neman mangwaro ɗan aure da zai yi 'ya'ya cikin shekara uku ko huɗu, ya nuna a tsakiyar Agusta. Wanda ya taɓa dasa irinsa ya gaya mini abin da ya gani.' Ya yi?"

"Ba gaisuwa."

"Ba gaisuwa."

"Ko 'Naku' kawai."

"Ko 'Na'."

"To buɗe."

"Ba ni zan buɗe ba. Na tura wa Anti Roma ta Siliguri, ita ma mai kula da zaure ce. In ta ga ta gyaru, ta buɗe."

"Da za ki kulle wa kika tura wa?"

"Ba mai zargina da son kai don na kulle wa kakana. In na buɗe masa ne za a ce."

"Wato wulaƙanci kina iya shi ke kaɗai, alheri ne sai an yi taro."

Ba a jima ba Anti Roma ta buɗe. Tuli ta sake dafa shayi, suka zauna suna gadin waya kamar masu jiran sakamakon jarrabawa. Amsar farko kalma ɗaya ce: "Himsagar." Malam Anadi ya gyara zama.

"Ga mutumin kirki."

"Bai karanta tambayar ba. Himsagar a Agusta? Dubi, har an fara danna shi ƙasa."

"Ku bar shi mana, zuciyarsa fara ce."

"Kai ma danna."

"In danna Himsagar ƙasa da yatsana? Ubana na kwance a makabartar bayan coci yana ji."

Wasu biyu suka biyo baya, ɗaya ya ce bai sani ba amma yana yi masa fatan alheri. Can sai wata doguwar amsa ta faɗo. Tuli ta ga sunan, ta rufe baki da hannu.

"Wa?"

"Mai cire haƙora."

"Goge."

"Ba a goge amsa don mai ita. Saurara." Ta gyara murya ta karanta. "'Malam Biswas, da na so in ce maka Fazli, amma ba zan cuce ka ba. A gonata Fazli yakan kai farkon Agusta, wata shekarar bai kai ba. Abin da ke saura a kan bishiya a tsakiyar watan shi ne Ashina.'"

Malam Anadi ya runtse ido. Ashina shi ne mangwaron da ko 'yan Fazli ke yi wa dariya, ƙato, kore, mai tabo, wanda ake yankawa a jiƙa a tulu don tsamin abinci.

"Ya rama. Na san zai rama."

"Bari in gama. 'Ina da bishiya shida da babana ya bari, kusan shekara talatin ina cin su. Abin da ya ɓata masa suna shi ne 'yan kasuwa na tsinke shi ɗanye. Ka bar shi a kan uwarsa. In ya kai girman dunƙulen hannu ka sa wa kowanne jakar takarda saboda ƙuda da ruwa. Ba zai zama Himsagar ba, ba zan yi maka ƙarya ba, amma mutum zai ci ya nemi na biyu. Tunda ruwa na kwanciya, ka cike ramin ka yi tudu, ka dasa a kai. Hudar shekarar farko ka tsinke ta duka, ko da zuciyarka ba ta so. Nawa na ƙarshe da na dasa ya ba ni a shekara ta uku.'"

"Ya gama?"

"Saura kaɗan. 'Wata shekara huda ta yi ta zuba a gonata, na rasa dalili, na tambaya a nan. Kai ka gaya mini wane ƙwaro ne da lokacin feshi, bishiyoyina suka tsira. A ƙasan amsar ka rubuta cewa ba ka ga amfanin ceton Fazli ba. Saboda wannan layin ban taɓa gode maka ba. Yau na sauke.'"

Malam Anadi ya manta da wannan amsar sarai, layin ƙarshen kaɗai ya tuna, kuma har yanzu yana ganin layi ne mai kyau.

"Hannunsa ba laifi," ya ce. "Ga likitan haƙori."

"To danna masa alamar ka gamsu."

"Ni? Wa Bagchi? A gaban duk zauren?"

"Haka ake yi. Wanda ya zo bayanka da irin tambayar ya san wadda ta yi aiki."

"Ba ta yi aiki ba tukuna. A tambaye ni bayan shekara uku."

"Ka fi son amsar mai fatan alheri?"

"Ki danna da kanki, ki ce hannuna na rawa."

"An hana. Yatsanka, sunanka."

"Wannan zaure naku ya fi makarantar mishan dokoki. Can aƙalla ana ba mu biskit." Ya karɓi wayar, ya nisanta ta da fuskarsa, ya juya kai gefe kamar mai shan maganin ɗaci, ya dangwala. Alamar ta koma kore. "Zamewa yatsana ya yi. In an tambaye ki haka za ki ce."

"Zan ce ka yi kuka."

Kafin azahar suka hau keken haya zuwa wurin Haran. Dashen Ashina na can baya, bayan tulin tukwane, inda ba mai zuwa. Haran ya sa aka maimaita masa sunan sau biyu, sannan ya rantse cewa dama shi ne mafi kyau a duk lambun. A hanyar dawowa Malam Anadi ya sa Tuli ta rungume dashen, shi ya buɗe lema ya kare fuska, ko da yake ruwan ya ɗauke. A bakin layi tsohon Gomes ya leƙo ta taga ya tambayi wane iri ne.

"Nata ne," in ji Malam Anadi. "Yaran yanzu ba su da baki."

Suka cike ramin suka yi tudu kamar yadda Bagchi ya ce. Malam Anadi na tsaye da sanda yana ba da umarni, Tuli na durƙushe cikin taɓo har gwiwar hannu. Ta yage ledar, ta zaunar da dashen, ta tura ƙasa.

"Ya karkace."

"Kai ne ka karkace, Dadu. Miƙe bayanka ka gani."

"Danna gindin da ƙafa. Ba rawa na ce ki yi ba."

Ta danna, ta tsaya tana haki. Dashen bai kai ƙugunta ba, ganye bai fi goma ba.

"Shekara uku, ka ji dai abin da likitanka ya ce. Kada in juya baya ka yi mini wayo ka bi marigayiya Kaka bayan coci."

"In tafi in bar bishiyata a hannun ubanki? Mutumin da ya kashe murtsunguwa da ƙishirwa? Ina nan. Kuma sai na ga ranar da zan rubuta wa Bagchi cewa ya yi ƙarya."

"Jakar takardar fa, wa zai hau ya ɗaura?"

"Ni."

"Za a ɗaura maka taka a asibiti." Ta goge hannu a jikin wandonta, ba ta dube shi ba. "Dadu, wannan budurwar taka ta Agusta. In ka yi duk wahalar nan, ka tsinke huda, ka kori jemagu, ita kuma ba ta zo ba fa?"

"Za ta zo."

Ya faɗe shi ba wasa a ciki, su biyun kuma suka ji. Ya yi gyaran murya, ya soka sandarsa a ƙasa.

"Kwaɗayayya ce. Tun tana rarrafe na san ta. Ko tsami ya fi lemo, in ta ji ana ci babu ita, da ƙafa za ta taho daga Japan."

Tuli ta yi dariya har ƙafarta ta zame ta zauna daɓas cikin taɓo, kusa da dashen. Ba ta yi ƙoƙarin tashi ba.

"Ka ci wannan zagayen, tsoho," ta ce. "Ka ajiye mata manyan mangwaron."